Abin da Ke Bayan Kabad ɗin Inna

Ku da kuka cika min waya da "Auta, ina labarin Mai Kyamara?", ku gyara zama. Ke kuma da kika rubuto cewa in daina jan aji in amsa masa tun kafin a riga ni, na gode, shawararki ta iso, kuma na bi ta. Yau za ki ji inda ta sauke ni.

Don sabbin zuwa: ni ce mai haɗa shayi a ofishin wata ƙungiyar taimakon jama'a. Ba zan faɗi sunanta ba. Na farko, har yanzu a can nake aiki. Na biyu, ko na faɗa, ƙila kafin ku gama karantawa an sake shi. Shekara shida na yi a wurin, sau uku muna canza suna. Lokacin da masu ba da tallafi suke son bishiya, mu koraye ne, har kofin shayi. Da suka koma son ruwa muka zama shuɗaye, har ƙofar banɗaki. Matan da ke zuwa koyon ɗinki kuwa tun farko har yau "gidan keke" suke ce mana, ba ruwansu da allon da ke bakin ƙofa.

Su ma matan an sha canza musu suna. Da "gajiyayyu" ne. Aka ce akwai cin fuska, suka koma "masu rauni". Bana "abokan tafiya" ne. Ranar da aka sanar da su, wata tsohuwa ta ɗaga hannu ta ce, "To, ina za mu? Ni fa da ciwon ƙafa." Aka yi mata tafi.

Bana Shugaba, wato matar da ta kafa ƙungiyar, ta ɗauko mana mashawarci. Dogo ne, da tabarau marar magani da agogon da ya fi hannunsa faɗi. Ni na sa masa Malam Wato, don ba ya iya haɗa kalma biyar bai ce "wato" ba. Ya zo da wani littafi mai shafi arba'in da biyu, wai Littafin Kamanninmu. A ciki aka rubuta sabon launinmu, ruwan lemo, da sabon tambari, hannaye biyu sun tallabo wani abu da har yau ba a daidaita ba ko rana ce ko ƙwai. Da kalmarmu guda, wadda za a riƙa bugawa da manyan baƙaƙe: MUTUNCI.

An raba wa kowa littafin. Masu digiri suka sa shi ƙarƙashin kwamfuta don ta ɗan ɗaga. Ni kaɗai na karanta shi daga bango zuwa bango, don ni ko takardar cikin kwalin magani ba na bari. Da ita ma na koyi karatu. Aji huɗu na tsaya, shekarar da Baba ya rasu, sauran kuma na tsinta ne a tsofaffin jaridu da kwandon sharar ofis. Ku riƙe min shafi biyu. Shafi na bakwai ya ce kada tsohon shuɗin nan ya sake fitowa a kowane hoto namu. Shafi na sha tara ya ce haramun ne a gyara hoto a kwamfuta, saboda "gaskiya ita ce jarinmu".

Da aka zo share sito, aka fito da gwangwanin fenti huɗu na shuɗin, ko buɗe su ba a yi ba, wai a zubar. Na roƙi direba ya sauke min su a gida. A raina na ce wata rana dangin Mai Kyamara za su zo ganin gida, sai mu shafa. Kun ga inda rawar kai ta fara.

Mai Kyamara shi ne mai ɗaukar hoton ofis. Ba laifi yana da kyau, irin kyan da mai shi ya san da shi. Farfesa yake ce min, tun ranar da ya kama ni ina gyara wa sakatare kuskure a wasiƙa. Wata takwas muna tare. Saƙonsa na safe ba ya wuce ƙarfe bakwai:

"Farfesa, an tashi lafiya? Yau me aka karanta, kwalin sabulu?"

"Takardar da ka rubuta jiya. Akwai kuskure uku."

"Ki aure ni ki gyara ni gaba ɗaya."

Haka dai. Ku ma da ku ne da kun narke, kada wadda ta yi min fuska.

Wata rana da azahar, ofis ba kowa, ya turo: "Faɗa min abin da ba ki taɓa faɗa wa kowa ba." Maimakon in ce ina tsoron kyankyaso kamar kowace mai hankali, sai na ba shi labarin kabad.

A falonmu akwai wani ƙaton kabad na katako, mai gilashi, cike da kwanonin da ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba. A bayansa bango ya tsage tun daga sama har ƙasa, hannu yana shiga. Daminar da Baba ya rasu ya tsage. Inna ta fara rataya zani a wurin, sannan ta sa maza huɗu suka turo kabad ɗin a kan zanin, don ko su kada su gani. Shekara sha ɗaya ke nan. Mijin Yaya ma bai san da shi ba. Inna irin matan nan ce da za ta kwana da yunwa ta fito da safe tana sakace, don maƙota su ɗauka nama ya maƙale mata. Ba ta taɓa karɓar sadaka ba. Addu'arta ɗaya ce kullum: Allah ka rufa mana asiri.

Ya rubuto: "Wallahi mahaifiyarki jaruma ce. Wannan ya tsaya tsakaninmu."

An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ba a faɗa min cewa wani lokacin 'yar gida ce ke nuna masa hanya ba.

Ranar Laraba ana taro a babban ɗaki, na shiga da tire. Malam Wato yana tsaye gaban allo.

"Wato, ƙungiya ba gini ba ce. Wato, ƙungiya labari ce. Kuma labari, wato, sai da fuska. Ina fuskarmu?"

Kowa ya dubi Shugaba. Ita ma ta gyara mayafi, ta ɗan karkato da kai ɓangaren da ya fi mata kyau.

"A'a, ranki ya daɗe, wato ke zuciya ce. Fuska daga ƙasa take fitowa." Sai idonsa ya sauka a kaina. "Wannan fa?"

"Sukari nawa?" na ce.

"Kai, ai kuwa!" in ji Shugaba. "Wannan ai tamu ce. Ta zo mana ko sunanta ba ta iya rubutawa, ga ta yau jarida take karantawa."

Jama'a, ranar da na zo neman aikin ni na cike wa mai gadi fom ɗinsa. Amma na riƙe tire da kyau, don in ya faɗi ni zan share.

Aka yanke cewa ranar Asabar za a zo gidanmu a ɗauke ni hoto ina karatu, a buga a sabon allo. Mai Kyamara ya kashe min ido. Kafin in kai kicin saƙo ya shigo: "Farfesa za ta hau allo! Kada ki ƙi, don Allah. In aikin nan ya yi kyau za a tabbatar da ni, sai maganarmu ta tashi."

Na kai maganar gida da niyyar a ce min a'a. Yaya tana nan, ta zo da goyonta.

"Ni fa ba na so," na ce. "Ƙarya za su rubuta. Wai su suka koya min karatu."

"To sai me?" in ji Yaya. "Su suka koya miki, aljanu suka koya miki, wa ya tambaye ki? Ke dai matsalarki ke nan, baki. Saurayi mai digiri ya ce yana so, kina ta ƙidaya masa kuskure kamar malamar makaranta. Shekararki nawa, Auta? Ƙawayenki wa ya rage?"

"Mai kitso."

"Ita ma an sa rana!"

Inna kuwa ba ta bi ta kan ƙaryar ba. Abu ɗaya ta ji.

"Shi yaron zai shigo har ciki?"

"Har falo, Inna. Da Shugaba."

Ta dubi bangon falo, ta dubi silin, ta dubi labule. Na ga tana lissafin wurin da ido.

"Baƙo ai ba a korarsa," ta ce. "Su zo."

Alhamis da Juma'a ban zauna ba, ana ta taron sabon launi, na haɗa shayi ya fi kofi ɗari. Juma'a da yamma na dawo, tun daga bakin lungu na jiyo warin fenti. Na tura ƙofa.

Shuɗi. Ƙofa shuɗiya, tsakar gida shuɗi, falo shuɗi, har durom ɗin ruwa da turken igiyar shanya. Inna da Yaya su biyu suka yi, da tsohon buroshi da soso. Inna na zaune a kan kujera 'yar tsuguno, fenti har gwiwar hannu, ɗigo ɗaya a kan hancinta, tana dariya. Ban ga haƙoranta haka ba tun Baba na da rai.

"Launinsu ne ai, ko ba shi ba?" ta ce. "Irin na rigar aikinki. Na ce bari su shigo su ga mun san darajarsu. Kabad ne kawai ya gagare mu, muka zagaye shi."

Ga abin da na zo in faɗa muku yau, wanda ko Yaya ba ta sani ba. Na san shafi na bakwai. Zan iya karanto shi ido rufe. A lokacin ya kamata in ce, Inna, launin nan an kashe shi, in kira Mai Kyamara in ce a ɗage ko a canza wuri. Na buɗe baki. Na dubi ɗigon da ke kan hancinta.

"Ya yi kyau, Inna," na ce.

Shi ke nan. Ni mai baki, ranar da bakin zai yi amfani sai ya tafi hutu.

Asabar ƙarfe goma mota ta tsaya. Inna ta sa atamfarta ta ƙasan akwati, mai ruwan zuma da zanen ganye, wadda Baba ya saya mata, har yau karin gugar farko bai fita ba. Ta ɗaura ɗankwali ya tsaya kamar an auna da ma'auni. Ta shimfiɗa sabuwar leda a tebur, ta fito da kofunan cikin kabad, karo na farko a rayuwata da na ga an sha ruwa da su. Ni kuma an ba ni rigar ofis mai ruwan lemo, na fito kamar lemon da aka ɓare.

Shugaba ta shigo da turarenta, ta rungume Inna. "Mama! Mama tamu!" Ta girmi Inna da shekara biyar.

Mai Kyamara ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta. Inna ta kawar da kai tana murmushi, Yaya ta mintsine ni a cinya, ma'ana kin gani ko.

Malam Wato ne ya shigo ƙarshe. Ya tsaya a bakin falo, ya cire tabarau, ya mayar.

"Wato... wane ne ya yi wannan?"

"Ni ce, ɗana," in ji Inna. "Da hannuna. Saboda ku."

"Wato, Mama, an gode. Amma ranki ya daɗe," ya juya ga Shugaba, ya rage murya irin ragewar da kowa ke ji, "wannan tsohuwar kamarmu ce. Duk inda aka juya kyamara, tsohuwar kamarmu. Kuma, wato, gidan ya yi tsaf da yawa. Wanda zai ba da tallafi in ya ga wannan labulen zai ce to me za a taimaka?"

"A canza launin a kwamfuta mana," na ce. "Minti biyar ne."

"Shafi na sha tara," in ji shi, har da ɗaga yatsa. "Gaskiya ita ce jarinmu."

Ashe mu biyu ne muka karanta.

Aka zagaya gidan ana neman inda ba shuɗi. Babu. Inna ba ta aikin rabi. Har bayan ƙofar banɗaki ta shafa. Shugaba ta fara duba agogo. Malam Wato ya ce ƙila a haƙura, a nemo wani mai hoton da wata fuskar a sati mai zuwa, wato, wanda zai fara zuwa ya duba wuri kafin ya tara mutane. Na ga gumi ya tsatso wa Mai Kyamara a goshi. Raina ya ce alhamdu lillahi, an fasa, kowa ya tafi gidansu.

Sai na ji muryarsa.

"Ko za a ɗan matsar da kabad ɗin nan?"

Bai dube ni ba. Murfin kyamara yake dubawa kamar yau ya fara ganinsa.

"Ai bayan nan ba komai," na ce. "Bango ne kawai."

"Ina ganin ba a shafa wurin ba," ya ce. "Gwadawa kawai za a yi."

Inna ta dube ni. Kallo ɗaya, bai kai ƙiftawa biyu ba. Ba ta tambaye ni yadda aka yi ya sani ba, har yau kuma ba ta tambaya ba. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Shi da direba da Malam Wato suka sa kafaɗa. Kwanoni suka yi ƙara a ciki. Kabad ya ja da kuka kamar ana yanka shi. Tsohon zanin ya faɗo, ya zama ƙura da gizo-gizo. Ga tsagar nan, baƙa, ta ƙara faɗi fiye da yadda na san ta, danshi ya zana taswira a gefenta, har hasken waje yana leƙowa ta sama.

Yaya ta rufe baki da mayafi.

"Nan ne!" Malam Wato ya tafa hannu. "Wato, nan ne mu! Ku dubi wannan! Ko ginawa aka yi ba za a samu haka ba. Kai, yaro, kana da ido."

"Na gode, yallaɓai," in ji Mai Kyamara.

Daga nan abin ya tafi da sauri. A cire labule, yana shiga hoto. A ɗauke tebur. A kawo tabarma, a'a, ba wannan ba, babu wadda ta ɗan tsufa? Sannan Malam Wato ya tsaya yana kallon Inna, ya karkata kai.

"Wato, fuskar Mama ta fi faɗin labarin. A zaunar da ita jikin bangon, yarinyar tana karanta mata. Sai dai kayan nan, Mama... kamar za ki ɗaurin aure. Babu na zaman gida?"

"Ba za ta canza ba," na ce. "Ni aka ce za a ɗauka. Inna, ki shiga ɗaki."

Yaya ta damƙe min hannu, farcenta ya shiga. "Ki rufa mana asiri, Auta," ta raɗa min. Asirin da ke tsaye a gabanmu tsirara, tun daga silin har ƙasa.

Inna ta dubi Shugaba. Ta dubi Mai Kyamara, ta daɗe a kansa, irin kallon da ake yi wa kaya kafin a saya. Sannan ta ce da shi, a hankali:

"Ɗana, in an yi hoton nan, aikinka zai tsaya?"

"In sha Allahu, Mama."

"To." Ta juyo gare ni. "Ɗauko min zanin wankina. Yana kan igiya."

"Inna..."

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ɗauko."

Na ɗauko. Ta shiga ɗaki da atamfar Baba, ta fito da zanin da ya koɗe har ba a gane launinsa. Ta zauna jikin tsagar, ta miƙe baya kamar a kan karaga. Aka ce ta ɗan sunkuya. Ta sunkuya. Aka ce kada ta yi murmushi, amma kuma kada ta ɓata rai, wato, ta yi fuskar mai fatan alheri. Aka miƙo min Littafin Kamanninmu in riƙe, don bangonsa ruwan lemo ne. Na buɗe, ya faɗa shafi na uku: "Ba ma nuna abokan tafiyarmu cikin ƙasƙanci."

Hoto ɗari da wani abu ya ɗauka. Da suka gama, Shugaba ta sake rungume Inna, ta ba ta hula mai tambari. Suka shiga mota. Ba wanda ya tuna ya mayar da kabad. Ni da Yaya muka tura har jijiyar wuya ta fito, ko motsi.

"Ku bar shi," in ji Inna. "Wa ya rage bai gani ba?"

Da yamma saƙo ya shigo: "Farfesa, kin yi fushi? Wallahi don mu na yi. Hasken wurin ne kawai."

Na rubuta amsa mai tsawo, babu kuskure ko ɗaya a ciki. Na goge. Na tura: "Ba komai."

Sati biyu bayan nan aka ɗaga allon. Ba a bakin ofis kaɗai ba. Akwai ɗaya a babban titi kusa da tasha, tsayinsa ya kai bene, akwai a jikin motar ofis, akwai a bayan riguna. Ni an yanke ni, hannuna kawai ya rage da gefen littafi. Inna ce, da zanin wanki, da tsagar, kowace ƙura ta fito tar. Yaron ya iya aikinsa, wannan ba zan hana shi ba. A sama an rubuta MUTUNCI. A ƙasa: "Kafin mu zo, ba su da komai."

A ofis aka yanka kek mai ruwan lemo. An tabbatar da Mai Kyamara a aiki. Masu tallafi sun rubuto cewa hoton ya taɓa su. Ni na wanke faranti.

Inna ta daina fita. Ita da ba ta rasa gaisuwar mara lafiya ko barka a lungunmu, yanzu ko bakin ƙofa. Tana zama a falo, bayanta ga tsagar, tana tsince shinkafar da ta riga ta tsince. Ranar Talata maƙociyarmu, wadda shekara da shekaru take aron tukunyar Inna, ta yi sallama da ƙullin kaya a leda.

"Maman Auta, wallahi ba mu sani ba. Kina ta fama ke kaɗai, ba ki faɗa ba! Ga 'yan zannuwa nan, ba su tsufa sosai ba."

Na miƙe zan yi magana. Inna ta sa hannu biyu ta karɓa.

"Allah ya saka da alheri," ta ce.

Ledar tana nan inda ta ajiye ta. Ba ta buɗe ba, ba ta kuma bari a ɗauke ba.

Ɗazu da hantsi ina wanka, wayata na kan tabarma kusa da Yaya. Kun san yadda saƙo ke leƙowa a fuskar waya, layin farko kawai. Sai na jiyo guɗa. Na fito da kumfa a kunne, Yaya tana rawa da goyo a baya.

"Inna! Inna! Mamansa za ta zo ranar Lahadi! Da idona na gani! Auta, 'yar baƙin ciki, shi ne ba ki faɗa ba?"

Na karɓi wayar na shiga ɗaki. Ga saƙon duka, ban rage ko ɗigo ba:

"Mamana za ta zo gidanku ranar Lahadi. Ta ga allon tasha, ta yi ta kuka, ta ce in kai ta wurin baiwar Allahn nan ta kai mata buhun shinkafa da tsofaffin kayanta. Ban faɗa mata ko mahaifiyar wace ce ba. Kin san halin manya, in ta sani yanzu da wuya ta yarda da maganarmu. Don Allah in mun zo ki yi kamar a ofis kawai muka san juna, har in shirya ta a hankali. Kuma kada a mayar da kabad ɗin tukuna, wurin take son gani. Ke ce Farfesa, na san za ki gane."

Na gane. Sau huɗu na karanta, ko kuskure ɗaya babu. Ya koyi rubutu a hannuna.

Na fito. Inna ta miƙe tsaye, karo na farko cikin kwana goma sha wani abu. Akwati a buɗe, atamfar Baba a kafaɗarta, tana shafa karin da tafin hannu.

"Ashe dai yaron ɗan halak ne," ta ce. "Na ce ba zai tozarta mu a banza ba. Ke," ta dubi Yaya, "kira mijinki ya zo da mutum uku a mayar da kabad ɗin nan kafin Lahadi. Auta, duba min gwangwanin can, kamar akwai sauran fenti a gindinsa. Inda suka goge da kafaɗa nake so in shafa."

Ta juyo tana dariya, haƙoran nan duka a waje.

"Me ya ce kuma? Karanta min sauran."

Wayar tana hannuna. Yaya ta tsaya da rawa tana jira. Yau Juma'a, saura kwana biyu, kuma a duk gidan nan ni kaɗai ce na san abin da ke shafi na gaba.

Na buɗe baki.

"Ya ce a gaishe ki, Inna."